Na Je Gulu Koyon Gaisuwa

Mutumin farko da ya cuce ni a ƙasar Uganda, da sallama ya fara. Ina tsaye a babbar tashar motar Kampala, jakar kaya a gabana, ta hannu a rataye, na yi tsuru-tsuru ina kallon motoci sun cushe wuri guda, sai na ji an ce daga bayana, "Salamu alaikum, Hajiya. Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Da Hausa fa! Ta ɗan karkace, amma Hausa ce, ni kuma kwana biyu ke nan rabona da jin ta. Na juya na ga dattijo da hula da furfura, carbi a hannu. Na amsa masa, na ɗora tawa, muka yi ta yi har sai da na tambayi jikokinsa. Ya ce ya zauna da Hausawa a Makka shekara da shekaru. Ya ce motar Gulu tana can ƙarshen tasha, mace kamata ba za ta iya ratsa wannan turmutsitsi da kaya ba, in tsaya a inuwa ya kai jakar ya kama mini kujerar gaba. Na miƙa masa, har da godiya.

Ina nan tsaye har inuwar ta tashi daga kaina. A cikin jakar akwai ƙuli-ƙuli da yaji da kuka da daddawa, da dambun naman da Innarmu ta yi mini, da atamfofina huɗu, da rigar sanyin maigidana. Fasfo da waya suna jakar hannu, Allah ya rufa asiri. Amma ba kayan ne suka fi ƙona mini rai ba. Ni Saude, wadda duk Rogo aka sani da iya gaisuwa, da gaisuwa aka yi mini wayo.

Ni 'yar Kwanyawa ce ta ƙasar Ƙaraye, aure ya kawo ni Rogo Sabon Gari. Malamar yaƙi da jahilci ce ni, kuma shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mu talatin da 'yan kai. Innarmu ta raine mu a kan cewa ba a gutsure gaisuwa. In ta aike ni maƙwabta na dawo da wuri, sai ta ce, "Kin tambayi mai ciwon ƙafa? Koma." Haka na tashi, haka kuma nake shugabanci. Duk Asabar in mun taru a wani ajin firamare, sai in rufe ƙofa in sa sakata saboda awaki, in buɗe rajista, in bi mata ɗaya bayan ɗaya da suna: ya maigida, ya yara, duk suna lafiya, babu mai ciwo? Maigidana, Malam Garba tela, yakan ce da ana ba da digiri a gaisuwa, da tuni ni farfesa ce.

Bara waccan mata takwas suka shigo mana, 'yan gudun hijira daga wajen Katsina, waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Babbarsu Hure, Bafulatana doguwa marar magana, mai Hausa tar. Ban taɓa ganin hannu mai fitar da mai irin nata ba. Tunkuzar da muka gama matsa muka ajiye, ita za ta ɗauka ta sake tatso mai. Na san an kashe mijinta, don haka ban taɓa ce mata ya maigida ba, har ina yaba wa kaina da hankali. Ranar farko na tambaye ta yara nawa, ta ce biyu, na rubuta biyu.

Ta yi wata huɗu tana zuwa. Ran wata Asabar na zo kanta na ce, "Hure, ya yara? Duk suna lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau." Na wuce ta gaba. Sai kawai ta miƙe, ta kwashi takalmanta a hannu, ta zare sakata ta fita, ko waiwaye babu. Ba ta sake zuwa ba, sauran bakwai ɗin kuma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ina zuwa ɗakin da aka ba ta aro. Takan shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce babu komai.

Saboda haka da ƙungiyar da ke tallafa mana ta ce za ta tura mutum ɗaya kwas na mako shida a arewacin Uganda, kan yadda ake jagorantar taron mutanen da tashin hankali ya bi ta kansu, ban tsaya jin sauran bayani ba. Tambaya ɗaya na tafi da ita: me na yi wa Hure, kuma ta yaya zan dawo da ita?

Motar Gulu ashe tana bayana, taku ashirin bai kai ba. Na shiga na zauna, hawaye ya ƙwace mini. Matar da ke kusa da ni, mai sarƙar gicciye a wuya, ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Da muka tsaya wani gari ta sayi gasasshiyar ayaba ta taga, ta ɗora mini biyu a cinya. Da iska ta fara shiga ta warware wani zane ta rufa mana mu biyu. Awa shida muna tare, ba ta tambaye ni ko sunana ba. Na ci ayabarta, na ji ɗumin zaninta, amma a raina cewa nake, baiwar Allah, ga kirki, sai dai ba a koya mata gaisuwa ba.

Da kuka ya lafa sai kallo ya karɓa, don ni ba na iya zama ban kalli abu ba. Ƙasa ja wur, ganye shar, ayaba har bakin titi. Na ga shanu masu ƙahon da ko na Bororo bai kai ba, har na so a ce Hure na nan ta gaya mini yadda suke shiga garke. Can muka iso gada, ruwa na ta ruri fari fat a ƙarƙashinta, birai zaune a gefen titi suna kallon motoci. Aka ce Kogin Nilu ke nan. Na ce, wanda aka jefa Annabi Musa yana jariri? Na leƙa har direba ya yi mini tsawa. Abin mamaki, muna haye kogin sai ƙasa ta koma irin tamu: bukkokin ciyawa, dawa, riɗi, gyaɗa, mangwaro.

Mu goma sha biyu ne a kwas ɗin, daga ƙasashe daban-daban. Malamarmu Madam Akello, gajera ce mai wushirya, muryarta ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne. Ranar farko na shiga aji na ga abubuwan da suka ɗaure mini kai. Ƙofa a buɗe, an tokare ta da dutse. Kujeru a zagaye, babu tebur, ita kuma malamar tana kan 'yar kujerar tsuguno, ta fi kowa ƙasa. A tsakiya an ajiye tire cike da gyaɗa marar ɓara. Kafin komai ta zayyana mana abin da za a yi daga safe har yamma, ta ce duk wanda aka zo kansa ba ya son magana ya ce "wuce", duk mai son fita ya fita ba sai ya nemi izini ba. Babu rajista, babu ƙararrawa.

Na ce a raina, wannan wane irin shugabanci ne, ai ko taron suna ya fi wannan tsari. Na ɗaga hannu da ɗan Turancina na kwalejin horon malamai na ce, "Madam, in akuya ta shigo fa?"

Ta ce, "Sai mu kore ta. Amma wanda aka taɓa kullewa a ɗaki, in ya ji ƙarar sakata, za ki gan shi zaune a gabanki, alhali hankalinsa ya koma can. Duk abin da kika faɗa daga nan, bango kike yi wa."

"Gyaɗar fa?"

"Wani ba ya iya magana in ana kallon idonsa. In hannu na aiki, ido na kan tire, baki yakan buɗe da kansa. In bai buɗe ba ma, an dai ɓare gyaɗa."

Na ce shi ke nan, na gano, sakata ce! Muna tashi na kira mataimakiyata Hajiya Mairo, na ce daga yau a bar ƙofa a buɗe, kuma a aika wa Hure a gaya mata. Bayan Asabar Hajiya Mairo ta kira ni ta ce, "Malama, mun bi umarninki. Awakin gidan Liman sun halarci taro su huɗu, sun ci rabin tire. Hure dai ba ta zo ba."

Mako na biyu kewar gida ta kama ni sosai. Kullum tuwon masara mai tauri da wake, safe shayi da rogo. Kayan sawa kala biyu gare ni, na jikina da wanda wata 'yar Sudan ta ba ni aro, in wanke wannan in sa wancan. Kwana uku ina salla ina fuskantar gabas yadda na saba, sai wata Basomaliya mai kanti ta gan ni ta taga, ta zo ta kama kafaɗuna ta juya ni. Ashe a can Makka arewa take. Na rama sallolina ina mamaki, wato har alƙibla sai mutum ya tambaya in ya bar gida. Na yi kewar Malam Garba da tsokanarsa, na yi kewar ƙarar injin markaɗe da hayaniyar 'yan acaɓa a bakin kasuwar Rogo, abubuwan da a gida nake tsaki a kansu.

Wata rana aka kawo miyar ganye mai kauri, na kai baki na ji tsami. Yakuwa ce, wallahi, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa! Na ajiye cokali na tafi kicin da kwano a hannu ina nuna wa masu girki ina cewa, "Tamu ce, tamu ce!" Suka yi ta dariya. Su gyaɗa sukan markaɗa ta da riɗi su ci haka da man a ciki. Da na zuba ruwan zafi na juya ta, mai ya taso, na murza ƙuli-ƙuli na soya, sai suka kewaye ni baki sake. Daga ranar ban sake cin abinci ni kaɗai ba, kicin nake shiga.

A mako na huɗu aka fita da mu ƙauye, kowa ya jagoranci taron wata ƙungiyar mata a gaban malama. Akello ta ce kowa ya buɗe taro da wani abu na ƙasarsu. Na ce madalla, yau an zo fagena. Mata kusan ashirin a ƙarƙashin mangwaro, babu ƙofa balle sakata. Na zauna ƙasa yadda aka koya mana, na faɗi abin da za a yi, sannan na ce zan gaishe su irin ta mutanen Kano. Sai dai na manta ban ce mai so ya ce "wuce" ba, don a kaina gaisuwa ba abar wucewa ba ce.

Na fara bin su, wata malamar firamare tana yi mini tafinta. Ya maigida, ya yara, duk suna lafiya? Tafintar ta ɗan yi jim, na ce mata ta fassara kawai. Na farko ta yi dariya ta amsa, ta biyu ma haka. Ta biyar wata tsohuwa ce siririya, ana kiranta Mama Lamunu. Na ce, "Ya yara? Duk suna lafiya?" Ta faɗi kalma ɗaya, tafinta ta ce, "Ta ce lafiya." Na wuce ta gaba.

Tsohuwar ta miƙe. Ta sunkuya ta kwashi takalmanta a hannu, ta bi ta cikin gonar rogo, ko waiwaye babu. Na san wannan tafiyar, na taɓa ganinta a Rogo.

Akello ba ta yi mini faɗa ba. Ta matso da tiren gyaɗa tsakiya, ta ɗauko wata waƙa tasu a hankali, matan suka karɓa. Wata daga cikinsu ta tashi ta bi tsohuwar daga nesa, ba ta kira ta ba. Sai a mota muna komawa ta ce mini, a zamanin yaƙin da aka yi a yankin, 'yan tawaye sun kwashe wa Lamunu 'ya'ya maza uku a hanyar makaranta. Ɗaya ya dawo. Biyu kuwa yau fiye da shekara ashirin, babu gawa, babu labari.

Sannan ta ce, "Saude, ina son in san wani abu. A garinku in an ce ya yara, akwai wata amsa ban da lafiya?"

Na yi tunani na gaskiya, don tambayar ta ba ni sha'awa duk da halin da nake ciki. Na ce, "Babu. Ko gawa ce kwance a ɗaki, sai ka ce lafiya lau tukuna, sannan ka faɗa."

"To kin gani. Kin sa ta faɗi abin da ba haka yake ba, a kan 'ya'yanta, a gaban mutane. Kafin ta haɗiye shi kuma kin wuce."

Na ce, "Amma tawa ta gida yaranta biyu ne, ina ganinsu, lafiyarsu ƙalau."

"Ita ta ce miki biyu?"

Mu bakwai Innarmu ta haifa, amma duk wanda ya tambaye ta, shida take cewa. Ba ta lissafa babban yayanmu, ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa in akwai mutane, don ɗan fari ne. Wannan kunyar a wajen Fulani ma ta fi tsanani. Na san wannan tun ina yarinya, amma na riƙe biro na rubuta biyu ban ko ɗaga kai ba.

Na kira Hajiya Mairo na ce ta samu ɗaya daga cikin matan nan bakwai, su biyu kawai, ta tambaya a hankali. Bayan kwana biyu ta kira, babu raha a muryarta. Ta ce akwai 'yar fari, budurwa 'yar sha biyar, ranar da aka kashe uban aka tafi da ita. Ta ce, "Kuma Malama, akwai wata maganar. Hure ta ce da an gama cirar gyaɗa za ta koma rugarsu. Wai yarinyar ba ta san Rogo ba, in an sako ta can za ta nufa. Rugar kuwa babu kowa, kin san su wa ke yawo a wajen." Saura mako biyu a gama kwas, kuma a gida gyaɗa ta riga ta nuna.

Na so in ruga wajen Mama Lamunu in ba ta haƙuri. Akello ta ce a'a, a fara aikawa a ji ko tana son ganina, kuma in na je kada in sa ta aikin lallashina. Tsohuwa ta ce in zo. Muka zauna a ƙofar bukkarta mu uku muna ɓarar gyaɗa. Ban taɓa aiki mai wuya irin shirun nan ba, gaisuwa na taso mini har maƙogwaro ina mayar da ita. Can ta yi magana, Akello ta fassara: "Ta ce in kin zo wajenta, ki tambaye ta awakinta." Na tambaya. Kusan awa guda tana ba ni labarinsu, wadda ta haifi uku, da wadda ke satar rogon maƙwabta, har da kwaikwayon tafiyarta. Da za mu tafi ta ba ni kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa da riɗi.

Na buɗe littafina na rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A TAMBAYI YARA. Akello ta leƙa ta ce, "Wannan ta Lamunu ce. Ta garinku, ki tambaye ta tata." Na gyaɗa kai, amma maganar ta bi ta bayan kunnena, don ni a ganina na riga na sami abin da na zo nema.

Na iso Rogo ana tsakiyar cirar gyaɗa. Washegari da hantsi na tafi wajen Hure. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. A kusurwar ɗakin na ga ƙunshi biyu an ɗaure tamau, ƙorenta a kife a kai. Na fara gaisuwa, ina takawa a hankali: ina kwana, ya gajiya, ya aiki, ya kaji, ya muka ji da ruwan bana. Na tsallake yara na yi shiru, ina jin kaina gwana.

Ta dube ni ta ce, "Malama, yau ba ki tambayi yara ba."

Na ajiye ruwan da ke hannuna.

Ta ce, "An gaya miki ke nan."

Na ce, "An gaya mini, Hure. Ki yafe mini. Wata huɗu ina sa ki faɗar abin da ba haka ba. Na yi miki alkawari ba zan sake tambaya ba."

Ta murza bakin tabarma. Sannan ta ce, "Haka kowa ya yi. 'Yan garinmu da suka sani, in na shigo sai su canza magana. Ke kaɗai kike tambaya, sai dai ba kya tsayawa." Ta numfasa. "Ni ba na iya kiran sunanta, Malama, ban taɓa ba tun da na haife ta. Kakarta ce mai kira, ta rasu a hanya. Shekara ɗaya da wata bakwai ban ji sunan a bakin kowa ba. Kamar ba a taɓa yin ta ba. A can ko babu kowa, akwai inda ta zauna, akwai inda take tatsa."

Sai a lokacin maganar Akello ta dawo mini. Na yi tambayar da ban taɓa jin Bahaushe ya yi ba, har bakina ya ji ta baƙuwa. Na ce, "Hure, ya kike so in riƙa gaishe ki?"

Ta ɗan yi murmushi don abin ya ba ta mamaki. Ta kau da kai wajen bango, ta ce a hankali, "Ranar Laraba aka haife ta."

Ba sai ta ƙara ba, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san sunan. Na ce, "In faɗa a gaban mata, ko mu biyu kawai? Yadda kika ce haka za a yi. Amma ki sani a cikinmu akwai matan direbobi da na fatake, suna shiga kasuwannin wajenku. Ba za su iya cigiyar wadda ba su san sunanta ba."

Ta ce dai, "Ƙofar fa?"

Na ce, "A buɗe, da dutse."

Ranar Asabar na tokare ƙofa, na ture tebur gefe, muka shimfiɗa tabarmi a zagaye da tiren gyaɗa a tsakiya. Hajiya Mairo ta zauna kusa da ƙofa da 'yar tsumagiya saboda awakin Liman. Na ajiye rajista a rufe a gefena. Na gaya wa mata abin da za a yi, na ce daga yau wadda ba ta son amsa gaisuwa ta ce "wuce", wadda kuma ba lafiya ba ta ce ba lafiya ba. Wata ta ce, "Lallai Malama an je Turai an dawo." Aka yi dariya, na ce Uganda dai.

Na kai rabin zagaye ke nan sai haske ya ragu a bakin ƙofa. Hure ce tsaye, takalmanta a hannu, matan nan bakwai a bayanta. Su suka shigo ciki, ita ta zauna daidai dokin ƙofa, ba ta ajiye takalman ba. Na ci gaba da gaisuwa har na zo kanta. Na dube ta, ta ɗan sunkuyar da kai sau ɗaya, alamar in yi.

Na ce, "Hure, sannu da zuwa. Ya yara?"

Na tsaya. Ban kalli ta gaba ba. Babu abin da ake ji sai ƙarar ɓawon gyaɗa, shi ma ya tsaya.

Ta ce, "Biyu lafiya."

Na ce, "Larai fa? Akwai labari?"

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa. Babu wadda ta ce ta yi haƙuri, babu wadda ta taɓa ta, don na riga na roƙe su. Mun daɗe a haka. Can daga cikin mayafin ta ce, "Shiru har yanzu."

Na ce, "Allah ya bayyana Larai."

Mata talatin da 'yan kai suka ce amin, har awakin da ke waje suka razana. Hajiya Mairo ta maimaita, "Allah ya bayyana mana Larai." Wata daga can gefe ta ce, "Maigidanmu yana lodin wajen duk mako. Larai 'yar wa za a ce? Doguwa ce irinki?" Wata ta ce ƙaninta yana sayen shanu a can, yau ɗin nan za ta kira shi. Hure ta sauke mayafi tana amsa musu, tana kwatanta tsagar da ke kumatun yarinyar da yatsa a nata kumatun. Ban ga lokacin da ta ajiye takalman ba. Na dai ga ta jawo tire gabanta tana ɓara.

Ba mu soya ƙuli ko ɗaya ba ran nan, azahar ta same mu ba mu gama gaisuwa ba. Har yau da nake rubuta wannan Larai ba ta bayyana ba. Ana dai cigiyarta a tashoshi da kasuwanni, an san uwarta tana Rogo Sabon Gari, kuma duk Asabar ana kiran sunanta. Hure ta kwance ƙunshinta.

Amma abin da ba na mantawa shi ne bayan an watse a ranar. Ina naɗe tabarma ta dawo ta tsaya a kaina, ta nuna rajistar da ke rufe.

Ta ce, "Malama, a littafin nan naki, nawa kika rubuta mini?"

Na ce, "Biyu."

Ta ce, "To, gyara."